Gefen mutum na yagewa a bidiyon 3D ɗina, ta ina zan fara gyaran taswirar zurfin?

Tambayar da ɗan'uwa ya turo a taƙaice ita ce: yana da kyamarar RealSense D435, wadda ke ɗaukar hoton kala tare da auna nisan abin da ke gabanta, yana ɗaukar mutum a ɗaki yana magana yana motsa hannu, mutumin na tsaye kamar mita 1.5 daga kyamara, bango na bayansa kamar mita 3. Yana so ya yi amfani da hoton kala da taswirar zurfi ya ƙirƙiro hoton ido na biyu don ya samu bidiyon 3D. Amma da ya haɗa sai gefen jikin mutumin ya riƙa yagewa, ga baƙaƙen ramuka a gefen kafaɗa da tsakanin yatsu, bangon kuma sai makyarkyata yake alhali ba abin da ya taɓa shi. Ya ce ya saka filtar da ke dishe hoto, wato bula irin ta Gauss, taswirar ta yi kyau a ido amma bidiyon ya ƙara lalacewa.

Toh ɗan'uwa, bari in fara da abin da ka yi na ƙarshe, cire bular nan tukuna, yanzun nan, kafin ma ka gama karanta amsar. Ba laifinka bane, kusan duk wanda ya fara wannan aiki sai ya bi ta nan, ni ma na bi, saboda taswirar zurfi idan aka nuna ta a sikirin kama take da hoto baƙi da fari, sai mutum ya ɗauka abin da ke gyara hoto shi zai gyara ta. Alhali ba hoto ba ce, tebur ne na lambobi, kowane fiksel na ɗauke da nisan abin da ke wajen, kuma ba wanda zai zauna ya kalle ta. Aikinta ɗaya ne, ta gaya wa kwamfuta kowane fiksel na hoton kala taku nawa zai matsa gefe idan aka gusar da kyamara. Don haka kyanta ko muninta a hoton da aka ƙirƙira ake gani, ba a jikinta ba.

Mu yi lissafin da naka saitin, don shi zai nuna maka inda ya kamata ka zuba ƙarfinka. Tazarar da ke tsakanin idon mutum biyu kamar santimita 6.5 ce. Kyamarar kala ta D435 idan tana ɗauka a faɗin fiksel 1920, tsawon fokas ɗinta, wato lambar da ke nuna girman da abu zai fito a hoto, ya kai kusan fiksel 1400. Ka ninka 1400 da 0.065 za ka samu 91. Wannan 91 ɗin kake rabawa da nisan abu a mita, sai ya ba ka yawan fiksel ɗin da zai matsa. Mutuminka a mita 1.5 zai matsa kusan fiksel 61, bango a mita 3 zai matsa kusan 30. Yanzu a ce kyamara ta yi kuskuren santimita 2 a kan bango, ta ce 3.02 maimakon 3, nawa abin zai goce a sabon hoton? Kusan 0.2 na fiksel, ido ba zai ma gani ba in dai ba rawa yake yi ba. Amma ɗauki fiksel guda a bakin kunnen mutumin wanda aka ba shi nisan bango bisa kuskure, wannan zai tashi ya bar kunnen da fiksel 30 cur ya je ya manne a bango. Kaga bambancin ko? Kuskure ƙarami a fili mai faɗi kusan kyauta ne, kuskure a gefe kuwa shi ne yagewar da kake gani. Duk sauran maganar da zan yi a kan wannan take tsaye.

To me bula ta yi? A bakin kafaɗa lambobin na tsalle ne kai tsaye daga 1.5 zuwa 3, kamar gaɓar rijiya. Bula ta zo ta mayar da gaɓar gangare, 1.5, 1.8, 2.1, 2.5, 2.8, 3. To a ɗakinka akwai wani abu a mita 2.1? Babu, iska ce kawai a wajen. Ka ƙirƙiro abin da babu, shi ya sa kake ganin kamar an ɗinka mutumin da bango da roba ana ja. Ga kuma wata ɓarnar da mutane basu lura da ita, inda kyamara ta kasa auna nisa sifili take rubutawa, sifilin nan ma'anarsa "ban sani ba", amma bula bata san haka ba, sai ta haɗa shi cikin lissafin matsakaici kamar abu ne da ke manne da gilashin kyamara, sai gefen kowane rami ya kumburo ya yo gaba. Haka ma idan ka ƙara girman taswirar ko ka rage da hanyar da ke gauraya maƙwabta, irin wadda OpenCV, laburaren sarrafa hoto a kwamfuta, ke ɗauka da kanta in baka ce komai ba, ɓarna iri ɗaya ce. A taswirar zurfi ka ce masa ya ɗauki fiksel mafi kusa kawai, kar ya gauraya.

A yi adalci dai, akwai lokacin da masana da gangan suke dishe taswirar. Wajen 2004 lokacin da Christoph Fehn na cibiyar Heinrich Hertz da ke Balin a Jamus yake tallata tsarin aika hoto ɗaya tare da zurfinsa don talabijin ɗin 3D, ana yin hakan don ramukan su ragu, an yarda layukan da ke tsaye su ɗan lanƙwashe a madadin rami. Ciniki ne aka yi da sani, kuma yana tafiya ne kawai idan matsawar kaɗan ce. Kai da kake da tsallen fiksel 30 ba zai ɗauke ka ba.

Kafin filta, sai ka san wace irin kyamara ce a hannunka don kowacce da irin ƙaryarta. Kinect na farko, mai auna zurfi na kamfanin Microsoft, da ya fito a 2010, wanda fasahar cikinsa ta kamfanin PrimeSense na Isra'ila ce kafin Apple ya saye kamfanin a 2013, ɗigo-ɗigon hasken infared, wanda ido baya gani, yake watsawa sannan ya duba yadda suka goce. Kinect na biyu da Azure Kinect lokacin tafiyar haske suke aunawa, haske ya je ya dawo, wanda a nisan mita 1 bai kai nanosakan 7 ba. Su irin waɗannan matsalarsu kusurwar ɗaki, haske ya daki wannan bango ya faɗa wancan kafin ya dawo, hanya ta yi tsawo, sai kusurwa mai kaifi ta fito a zagaye kamar cikin ƙwarya, ga kuma fiksel masu shawagi a gefen abu saboda fiksel ɗaya ya kama rabin mutum rabin bango ya ba da nisan tsakiya. Taka D435 kuwa ido biyu ce, kyamarori biyu da tazarar milimita 50, tana neman abu ɗaya a hoton hagu da na dama ta auna gocewarsa, ɗigon lezar da take watsawa taimako ne kawai don farin bango ya samu abin kamawa.

A irin taka, nisa daidai yake da fokas sau tazarar ido a raba da gocewa. A 848 da 480, wanda shi ne girman da Intel da kansu suka ce ya fi dacewa da D435, fokas kusan fiksel 425 ne, sau 0.05 ya ba ka kamar 21. Wato abu a mita 1 gocewarsa fiksel 21, a mita 2 kusan 10 da rabi, a mita 4 biyar da ɗoriya. In kyamara ta kuskure da 0.1 na fiksel, a mita 1 kuskuren bai kai milimita 5 ba, a mita 2 ya kusa santimita 2, a mita 4 ya kai santimita 7.5. Nisa ya ninka biyu, kuskure ya ninka huɗu. Shi ya sa bangonka ke makyarkyata mutumin kuma bai cika yi ba, kuma shi ya sa gyara mafi arha a duniya shi ne ka matso da kyamara kusa. Wanda aikinsa dole daga nesa ne D455 ya fi masa, tazarar idonta milimita 95 ce, kusan ninki biyu.

Gaskiya rabin matsalar a ɗaki ake kashe ta ba a kwamfuta ba. Buɗe RealSense Viewer, manhajar duba kyamarar a kwamfuta, ka kunna hoton infared ɗin kansa, ba zurfin ba, ka kalli abin da kyamarar ke gani da idonta. Za ka sha mamaki. Shadda mai sheƙi wadda ta sha bugu, inda ta fuskanci leza sai ta yi fari fat ɗigon ya nutse, inda ta kauce kuma hasken ya tsere wani waje, duka biyun rami ne. Tayil ɗin ƙasa mai santsi madubi ne, kyamara za ta ga hoton mutum a cikinsa ta ce akwai rami a ƙasa. Wani baƙin yadi yana shanye infared har kamar ba kowa a wajen, wani baƙin kuma a infared fari yake fitowa, ya danganta da rinin, sai ka gwada kafin ka sa mutum ya saka. Ƙarfen taga da labule mai layi-layi iri ɗaya su kuma rikita ido biyu suke yi, kyamara ta haɗa layi na uku a hagu da na huɗu a dama, sai ka ga wani ɓangare ya yi tsalle ya taho gabanka. Yadi mara sheƙi, darduma a ƙasa, a kauda gilashi daga baya, wallahi wannan kaɗai ya fi filta uku. Sai kebul, ka tabbata a USB 3 take, in ta faɗa USB 2 yanayin ɗaukar da za ta ba ka raguwa yake yi, kuma Viewer na rubuta wanne take kai a sama. Ka kuma bar ta a kunne minti 20 zuwa 30 kafin ɗauka ta gama ɗumi, don lambobin na ɗan tafiya yayin da jikinta ke zafi.

Sai kalibireshan, wato daidaita saitin idanun kyamara. Nan zan ba ka labarin kaina. Na taɓa kwana uku ina murɗa lambobin filta saboda bango na fitowa da ƙananan ramuka birjik kamar rariya, na canza wannan na canza wancan, ashe kyamarar ce ta taɓa faɗowa daga kan tiraifod wani ya ɗauka ya mayar bai faɗa ba, idanun biyu sun ɗan kauce wa juna. Da na sa ta gyara saitinta da kanta, abin da ke cikin Viewer ɗin kuma bai ɗauki minti biyu ba, ramukan suka ɓace, na zauna ina kallon sikirin ina jin haushin kaina. Tun daga ranar duk aikin da zan fara sai na haska farin bango daga mita 1, in duba kashi nawa na fiksel suka cika, in ɗora shimfiɗaɗɗen fili a kan lambobin in ga nawa suke kaucewa, sannan in auna nisan da tef in kwatanta. Idan kuma da wata kyamarar kala daban kake haɗawa, dole ka yi kalibireshan tsakaninsu da allon nan mai gidaje baƙi da fari kamar na diraf, hanyar Zhengyou Zhang ta shekarar 2000 wadda ke cikin OpenCV, ka buga shi ka manna a abu mai tauri, ba takardar da ke lanƙwasa a hannu ba.

Akwai wata yagewar da ba ta zurfi ba ce sam, ta lokaci ce. Hannun da ke tafiyar mita 2 a sakan, cikin firem ɗaya na bidiyo mai firem 30 ya yi tafiyar kusan santimita 7. In hoton kala ya riga na zurfi da firem ɗaya tak, to hannun kala na nan hannun zurfi na can. Gwajin mai sauƙi ne, ka ce mutumin ya tsaya cak, in yagewar ta ragu sosai to matsalar lokaci ce, ka haɗa firem da firem ta hatimin lokacinsu ba ta jerin zuwansu ba. Ka sani kuma a D435 idanun zurfi gaba ɗaya suke ɗaukar firem a lokaci guda, kyamarar kala kuwa layi-layi take karantawa daga sama zuwa ƙasa, don haka abu mai sauri zai ɗan karkace a kala bai karkace a zurfi ba. Ƙara haske a ɗakin ka rage tsawon buɗewar kyamarar kala, hannun zai daina dishewa, sauran sai haƙuri.

Yanzu filta. Abu na farko ba gyara bane, zubarwa ce. Ni a wajena ramin da na san rami ne ya fi lambar ƙarya mai santsi sau goma, don rami zan iya cike shi da hankali, ƙarya kuwa sai ta shige cikin lissafi ta ɓata na kusa da ita. Saboda haka saka saitin High Accuracy maimakon High Density, kyamara ta yi shiru inda bata da tabbas. Yanke duk abin da ya fi mita 3.5 ko ya gaza rabin mita tunda ka san ɗakinka. Sannan bi gefe-gefe, duk fiksel ɗin da nisansa ya bambanta sosai da na gabansa da na bayansa duka, bai bi mutum ba bai bi bango ba, share shi. Ƙananan tsibirai na fiksel goma ashirin da ke yawo su kaɗai a iska su ma share su.

Na biyu, kar ka tace a mita, juya lambobin zuwa gocewa tukuna, wato ɗaya bisa nisa. Dalili shi ne lissafin da muka yi a sama, a mita rawar lambar bango ta fi ta mutum sau huɗu, ba iyaka ɗaya da za ka saka ta yi wa duka biyun daidai, amma a gocewa rawar kusan ɗaya ce ko'ina. Jerin da Intel suka shimfiɗa a laburarensu haka yake, a rage girman taswira, a juya zuwa gocewa, a tace cikin firem, a tace tsakanin firem da firem, sannan a dawo mita. Ba don ado aka jera su haka ba.

Tacewa cikin firem, abin da kake buƙata filta ce mai girmama gefe. Mafi sauƙi midiyan, a jera lambobin maƙwabta 9 ko 25 a ɗauki ta tsakiya, kyanta shi ne in an yi ta a kan adadi mara ma'aurata bata ƙirƙiro sabuwar lamba, cikin waɗanda ke akwai take zaɓa, don haka ba za ta haifo maka 2.1 a iska ba. Sai bailataral ta Tomasi da Manduchi ta 1998, wadda ke yin matsakaici amma da maƙwabtan da lambarsu ta yi kusa da taka kaɗai, na ƙetaren gaɓa ba ruwanta da su. Daga nan aka zo da dabarar da ta fi burge ni, tunda hoton kala ya fi kaifi kuma ya san ainihin inda kunne ya ƙare, to a bar shi ya ja ragama, a tace zurfin amma nauyin maƙwabta daga kala za a ɗauko. Kopf da abokan aikinsa sun nuna ta a 2007 don ɗaga ƙaramar taswira zuwa girman hoto, Kaiming He da nasa suka kawo filta mai jagora a 2010 wadda saurinta bai damu da faɗin tagar ba. Waɗannan biyun na ƙarshe suna cikin ƙarin kunshin OpenCV, sashen ximgproc.

Amma fa tana da cizo ta gefe biyu. Ɗauki mutum sanye da babbar riga mai aiki a ƙirji. A zahiri ƙirjin shimfiɗe yake, amma a kala cike yake da layuka, filtar sai ta ɗauka kowane zare gaɓa ce ta buga zanen aikin a cikin zurfin, in ka saka tabarau na kallon 3D sai ka ga aikin ya ɗan taso yana rawa. Ɗaya gefen kuma farar riga a gaban farin bango, kala bata ga gefe ba sam, sai filtar ta bar zurfin riga ya malala cikin bango. Maganin na farko, kar ka bar kala ta yi magana sai a kusa da inda zurfin da kansa ya nuna akwai tsalle, wata siririyar hanya mai faɗin fiksel kamar 10 a kewayen mutum, sauran wajen bailataral zalla ta isa. Kuma a cikin siririyar hanyar ma na fi son midiyan mai nauyi, kala ta ba da nauyi amma a ƙarshe a zaɓi ɗaya, ko mutum ko bango. Maganin na biyu kuwa a canza riga ko a rataya labule mai wata kala, shikenan.

Ƙaramar dabara da ke aiki fiye da girmanta: bayan ka gama, faɗaɗa zurfin mutumin da fiksel 1 ko 2 zuwa waje. Fiksel ɗin bakin jiki a hoton kala gauraye ne, rabin fata rabin bango, in suka bi bango sai ka ga siririn zanen mutumin ya rage a jikin bango kamar fatalwa. In suka bi mutumin ba mai lura.

Makyarkyatar bango kuma tsakanin firem ake kashe ta. Ido na yafe kuskuren da ke zaune wuri ɗaya, amma wanda ke rawa sau 30 a sakan shi ke sa ciwon kai cikin tabarau. In ka haɗa matsakaicin firem 16 na abin da ba ya motsi, rawar na raguwa kusan sau 4, wannan ita ce hikimar da KinectFusion, tsarin gina siffar 3D da Kinect, ya hau kai a 2011 har ya fitar da siffa mai santsi daga Kinect mai yawan rawa. Matsalar dai hannu in ya wuce sai ya bar jela a bayansa, don haka dole a saka iyaka, in sabuwar lamba ta yi kusa da tsohuwa a gauraya, in ta yi tsalle a yar da tsohuwar a karɓi sabuwa nan take. Tunda kyamararka a kafe take, ga abin da zan yi in ni ne: kafin mutumin ya shigo, ɗauki ɗakin ba kowa na sakan 10, firem 300 kenan, ɗauki midiyan na kowane fiksel, ka samu bango tsaftatacce na zurfi da na kala. Daga nan duk fiksel ɗin da ya yi kusa da lambar bangon nan, maye shi da ita kai tsaye. Bango ya daina motsi gaba ɗaya. Sharaɗin kar kowa ya taɓa tiraifod, kuma ka kulle haske da daidaiton farin kyamarar kala kar su riƙa canza kansu.

Wannan hoton ɗakin shi zai cece ka a maganar ramuka ma, kuma ramukan iri biyu ne kar ka haɗa su. Akwai na cikin taswirar, baƙar inuwar da ke bin gefe ɗaya na mutum, wajen da idon hagu ke gani na dama baya gani. Wannan inuwa kusan kullum bango ce, don haka da lambar nesa ake cike ta, ba da ta kusa ba, ba kuma da matsakaici ba, in ka cike da ta kusa mutumin zai yi ƙiba ta gefe ɗaya. Sai na biyu, wanda ko taswirarka ta fi ta kowa kyau sai ya fito, wato fiksel 30 ɗin nan na bangon da ke bayan kafaɗa wanda kyamara bata taɓa gani ba a wannan firem. Wannan ba kuskure bane, rashin bayani ne, ba filtar da za ta kawo shi. Ko ka ɗebo daga hoton ɗakin da ka ajiye, ko ka ƙara kyamara ta biyu, abin da ya sa tsarin da MPEG, masu tsara ƙa'idojin bidiyo, suka bi ya zama kyamarori da yawa kowacce da zurfinta, abin da wannan bata gani ba waccan ta gani. Za ka kuma iya raba wahalar, maimakon ka bar hoton asali a matsayin idon hagu ka ƙirƙiri dama da cikakkiyar matsawa, ƙirƙiri duka biyun kowanne ya matsa rabi, rami ya koma fiksel 15 nan 15 can. Ko ka matso da mutumin kusa da bango, ko ka rage tazarar idon daga 6.5 zuwa 4, zurfin zai ɗan ragu amma kallon zai fi daɗi.

Na san za ka ce ina labarin AI. Irin su MiDaS na Intel da Depth Anything da ya fito a 2024 suna hasashen zurfi daga hoton kala ɗaya, kuma gefensu na da kyau ƙwarai, har abin da kyamarar zurfi ke kasawa suna kawowa. Amma asalin abin da suke ba ka wane ya fi wane kusa ne, ba mita nawa ba, kuma in firem-firem kake ba su ma'aunin na iya canzawa daga wannan zuwa wancan, sai duk ɗakin ya riƙa numfashi. Yadda nake amfani da su shi ne aure, a kowane firem in ɗauki fiksel ɗin kyamara da na yarda da su, in nemo lambar ninkawa da ta ƙari da za su sa hasashen ya hau kansu, a gocewa ba a mita ba, sannan in yi amfani da hasashen a ramuka da gefe kawai. Kyamara ta ba da ma'auni, shi ya ba da siffa.

Wani wajen da aiki ke mutuwa shiru shi ne ajiya. Zurfin D435 lamba ce mai bit 16, kowane ɗaya milimita 1 a saitin da ta zo da shi. In ka matse shi ya koma hoto mai bit 8 matakai 256 kawai suka rage maka, ka raba mita 4 da su kowane mataki ya haura santimita 1.5, fuska ta koma bene-bene. In kuma ka tura shi ta H.264 kamar bidiyon yau da kullum, shi an gina shi ne ya yar da abin da ido ba zai lura ba, kuma kaifin gefe na cikin abin da yake taɓawa, ainihin abin da muka wuni muna karewa. Wannan ne ya sa 3D-HEVC, tsarin matse bidiyon 3D da aka kammala a 2015, ya zo da hanyoyi na musamman na raba bulo gida biyu da layi mai kaifi don taswirar zurfi, kuma yake auna ɓarna a hoton da za a ƙirƙira ba a taswirar kaɗai ba. Kai dai lokacin aiki ajiye PNG mai bit 16 ko fayil ɗin bag na Viewer. In dole sai bit 8, ajiye ɗaya bisa nisa tsakanin iyakar kusa da ta nesa, matakan su taru a kan mutum inda ake buƙatarsu.

Gashi, hayaƙi, gilashin tabarau, siririn mayafi da ake ganin bayansa, waɗannan fiksel ɗaya ne mai nisa biyu, taswira kuma lamba ɗaya take ɗauka. Masu yin aikin sosai raba hoton suke yi hawa biyu a gefen, na gaba da na baya da kason kowanne, tun aikin Zitnick da abokansa a Microsoft a 2004 da kyamarori 8 haka suka yi. Don aikinka hula ta wadatar.

Gwajin da zan so ka yi kafin ka dawo min: aro waya ko wata kyamara, kafa ta santimita 6.5 a gefen taka, ɗauki mutumin a tsaye cak da duka biyun, sai ka ƙirƙiri wannan kusurwar daga zurfinka ka jera da hoton gaske kana kunna ɗaya kana kashe ɗaya. Duk filtar da ka ƙara, ɗaya bayan ɗaya, maimaita wannan ka zuƙo kan kunne da yatsu. Ka fara da ɗanyen zurfi ba filta ko ɗaya, sai hoton ɗakin da ba kowa, sai zubar da fiksel masu shawagi, ka turo min hotunan matakan ukun tare da hoton infared ɗin mu ga abin da ya rage.